Waken da Ban Jiƙa Ba

Litinin, 10 ga Yuli

An dawo da Karthu daga asibiti yau. A motar haya, kuma ba su ba ta ranar komawa ba. Na san abin da hakan yake nufi, ba sai Tessy jikata ta yi mini irin fuskar nan da ake koya musu a makarantar jinya ba.

Ina bakin shinge, wai ina duba ayabata. Sulu, 'yar Karthun, ta riƙo ta ta dama, direba ta hagu. Matar da take ɗauko tulu biyu daga rafi tana zagina tun daga gangare har ƙofar gida, numfashinta bai ko canja ba. Yau zanin jikinta ya fi ta nauyi.

Ta hango ni. Na ce ashe likitocin ma kin gundure su. Ta ce a'a, cewa suka yi in koma, akwai wata tsohuwa a maƙwabta da layi ya fara zuwa kanta.

To, bakin dai yana nan.

Na shiga ɗakin girki na zauna kan buhun shinkafa. Har yanzu ban tuna abin da na shiga ɗaukowa ba.

Laraba, 12 ga Yuli

Na je na zauna da ita. Sun sa gadonta kusa da taga, daga kwance tana hango murhuna, don kar in huta da sa ido. Mata biyu daga ƙasan tudu sun zo dubiya, kowacce ta ja fuska kamar an riga an yi. Na ga ɗakin zai kashe ta kafin ciwon, sai na ɗauko labarin haƙorin Fada, limamin cocinmu.

Bari in rubuta shi a nan yadda ya faru, ko kusa da haka, tunda Tessy ta ce kullum kitse nake ƙara masa.

Ranar da Varkey mijina ya rasu ne, kusan shekara ashirin ke nan. Gidan da gawa take ba a hura wuta, maƙwabta ke dafa wa masu makoki kanji da payar, ruwan shinkafa mai zafi da ɗan koren waken nan namu. Ba a tambayar wa ke zuwa coci, wa ke zuwa haikali. Wanda hayaƙinsa ya fi kusa, shi ne. Karthu ce ta dafa. Aka dawo daga maƙabarta, aka zauna layi, aka miƙa wa Fada Kuruvila nasa da cokalin ganye. Ya yi addu'a, ya kai baki. Ƙas! Har mai haƙa kabari ya ji daga bakin ƙofa. Fada ya tofa a tafin hannu, ga wake ga haƙori, kuma waken ne bai ji ciwo ba.

A shekarar farko haƙori ɗaya ne. Yau na ce uku, kuma tun daga ranar in yana wa'azi fito yake yi, karnukan unguwa suna amsa masa. Matan suka yi dariya har ɗaya ta nemi ruwa. Karthu ta ce ƙarya kike, 'yar coci, haƙorin nan dama yana rawa tun kafin a haife ki.

Kowa ya san a cikin payar akwai ƙwayoyi masu taurin kai. Kamarsu ɗaya da 'yan'uwansu, ido ba ya raba su. Sai an jiƙa tun yamma, da safe sauran sun kumbura, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a farantin ƙarfe. Mai lafiya ta faɗi shiru, mai taurin kai ta yi ƙara, a tsince ta. In ba haka ba, ko dajin roba duka aka ƙone a ƙarƙashinta ba za ta nuna ba. Yarinyar da ba ta fara ɗaura zani ba ta san wannan. Karthu ba ta jiƙa ba. Tun ranar nake kiranta Tsakuwa.

Kuma tun ranar muke da alkawari. Ranar tata ni zan dafa, in nuna wa danginta yadda ake payar mai narkewa a harshe. Ita kuma ranar tawa haƙorin bishop za ta fasa. Shekara da shekaru muna jifan juna da wannan ta kan shinge. Yau da na zo wurin alkawarin sai na tsallake shi. Ta lura. Ba abin da ba ta lura da shi.

Alhamis, 13 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Kajina sun fake a kan babur ɗin Tessy sun yi masa ado. Na ce mata albarka ce.

Asabar, 15 ga Yuli

Ta aiki Sulu ta kira ni. Na tarar ta sa an taje mata kai, an shafa mata toka a goshi, kamar mai jiran baƙi.

Ta ce tana kwance a asibiti ta yi tunani, ta ga an cuce ta. Duk garin nan za su ci wannan payar da nake cika baki a kansa, har mashayin nan mai gyaran laima zai ci, ita kaɗai ce ba za ta ɗanɗana ba.

"Dafa mini yanzu, Rahel. Kanji da payar, irin na ranar. In ji ko duk shekarun nan ƙarya kike mini."

Na ce ba na dafa wa mai rai abincin makoki. Ta ce ai shi kike ci kowane dare, ke gawa ce? Na ce wanda nake ci a gidana daban. Abincin dare ne a kowane gida, na yarda, amma in ya tsallaka shinge a tukunya kowa ya san inda za shi. Ba zan ɗauko shi in bi ta gaban tagarta tana numfashi ba.

Ta ce tsoro kike ji ya yi tauri.

Na ce ina da wanki, na fito. Ba ni da wanki. Wa ke wanki a wannan ruwan.

Litinin, 17 ga Yuli

An shiga Karkidakam, watan da ruwa ba ya ɗaukewa, tsofaffi kuma suna ɗaukewa. Sulu ta kunna fitila da yamma tana karatun littafinsu, muryarta har nan.

Na yi mata sukhiyan. Tunda payar take so, ga payar. Na dafa shi, na juya da mazarƙwaila da kwakwa, na dunƙula, na tsoma a ƙullu na soya. Shekara ɗaya aka kawo mu aure tudun nan ni da ita. Akuyarta ce ta cinye payar ɗin da na shanya, na je faɗa da ludayi a hannu, na tarar da yarinya kamata tana kuka don surukarta ta ce shayinta ruwan wanki ne. Faɗan da ba a yi ba ke nan. Daga baya mu ke sa a sayo mana sukhiyan daga shagon shayi na bakin gada, mu ɓuya bayan tarin itace mu ci, mu goge baki da ganye.

Ta karɓi ɗaya, ta juya shi, ta shinshina. Ta ce wannan ai cin hanci ne. Ta gutsiri gefe, ta daɗe tana taunawa, sauran ta miƙa wa Sulu. Wai mazarƙwailar ta yi yawa, so nake in kashe ta da ciwon suga kafin nata ciwon ya samu dama.

Gutsure ɗaya. Da can takan ci biyar sannan ta ce ba daɗi.

Alhamis, 20 ga Yuli

Puttu da payar da ayaba, da safe. Na turara garin shinkafar da kwakwa mai yawa don ya yi laushi. Ta ce ya bushe kamar wa'azin Fada. Ta kasa haɗiyewa, ta yi ta tari har Sulu ta kore ni da ido.

Da na dawo Tessy ta tare ni a ƙofa. Wai Ammachi, wato kaka, mara lafiya kanji yake sha, kowa ya sani, don me kike kai mata abin da zai maƙale? Na ce ai Sulu na dama mata. Ta ce ba na Sulu take so ba. Na ce ke da ba ki iya dafa ruwan zafi sai kin duba agogo, yaron nan mai gemun akuya da ke rako ki bakin titi ya san yunwar da ke jiransa kuwa? Ta murguɗa baki ta shige ɗaki.

Na rufe mata baki dai. Ban ji daɗin da na saba ji ba.

Lahadi, 23 ga Yuli

Yau su Karthu ke ciyar da matattunsu. Sulu ta je rafi da sassafe ta dawo a jiƙe, ta ajiye curin shinkafa kan ganyen ayaba, ta tafa da jiƙaƙƙen hannu. Hankaki suka sauko. In sun ci, magabata sun karɓa.

Kowace shekara sai na leƙo na ce wa Karthu, wancan mai gurguwar ƙafar kawunki ne, na gane shi da haɗama, jiya ma ya sace mini kifi. Ita kuma ta ce gara namu suna zuwa ziyara, naku kun danne su da siminti. Bana ba ta fito ba. Na je bakin taga na faɗa mata duk da haka. Ta yi murmushi ido a rufe. Ta ce in ta dawo a hankaka, a rufin ɗakin girkina za ta tare, ta ga abin da nake ɓoyewa a miya.

Na isa coci a makare. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Laraba, 26 ga Yuli

Payasam, kunun zaƙi. Na soya ɓarzajjen payar da man shanu har ya yi ƙamshi, na dafa da mazarƙwaila, na tatsi madarar kwakwa, mai ruwa da mai kauri, kamar na bikin Onam. Hannuna na ciwo har kafaɗa. Na san abin biki ne. Na ce ko ƙamshin zai ruɗe ta.

Sulu ta ɗiga mata a harshe. Ta riƙe shi a baki. Ta ce shagali kike yi? Ban tafi ba tukuna. Sannan a hankali, ba da wasa ba, ta ce Rahel, kin shiga waken nan ta kowace ƙofa, saura ɗaya.

Na dawo da kwanon kusan a cike. Tessy ta shanye, ko kunya.

Juma'a, 28 ga Yuli

Ban shiga ba. Na miƙa wa Sulu ƙwai ta kan shinge. Ta ce ɗan'uwanta na Dubai yana ta waya, wai in abin ya zo a yi odar abinci daga otal, ba sai an wahalar da tsofaffi ba. Karthu ta jiyo, ta ce in aka shigo mata da abincin otal za ta tashi zaune a kan itacen da za a ƙona gawarta.

Lahadi, 30 ga Yuli

Na kunna mata kyandir a gaban Maryamu. Ban faɗi ko wace ce ba, ai ta sani. Da na gaya wa Karthu sai ta ce Allah ya sa ba guntu na sayo ba, ta san rowata.

Talata, 1 ga Agusta

Yau ta samu sauƙi, irin sauƙin da ba na so. Ta sa aka jingina ta, ta sha ruwan kwakwa. Sulu ta tafi kanti, aka bar mu mu biyu. Na ɗauko labarin haƙorin don in cike shirun, har na kai haƙori huɗu. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ƙaryata ni ba.

Ta ce ke a zatonki ban san ana jiƙa wake ba?

Na ce abin da haƙorin Fada ya shaida ke nan.

Ta ce yammar da Varkey zai tafi, duk tudun nan an sani. An kira Fada ya shafa masa mai, an aika wa 'yan'uwansa. Surukarta ta ce mata, Karthyayani, gobe akwai aiki, auna payar ki jiƙa. Ta auna a babbar tukunya. Ta jawo ruwa daga rijiya. Tana tsaye da guga a hannu sai ta jiyo ni ta taga ina yi wa Varkey faɗa, wai ya tashi ya sha magani, rufin kaji na yoyo, wa yake so ya gyara.

"Kina can kina cewa ya tashi, ni kuma in zuba ruwa? Na mayar da shi rijiya."

Surukar ta zage ta tas. Da gari ya waye abin ya faru, ta ɗora shi a bushe, tana hura ɗanyen itace tana kuka, shi kuma ya ƙi nuna.

Na ce me ya hana ki faɗa, duk shekarun nan ina yawo da ke a bakin mutane? Ta ce bayan Varkey an yi watanni ba wanda ya ga haƙorinki, sai ranar da kika fara ba da labarin haƙorin Fada. Sai na ce bari in bar mata, ai ba tsada.

Na rasa inda zan sa idona. Na ce to ko haka ne, gishirin ma ya yi yawa. Ta ce fita mini daga gida.

Ban fita ba. Na zauna ina matsa mata ƙafa har Sulu ta dawo. Ba komai a ƙafar sai ƙashi.

Laraba, 2 ga Agusta

Rufin kajin nan har yau yana yoyo.

Juma'a, 4 ga Agusta

Da la'asar Sulu ta zo da ƙafarta, ba ta kira ta kan shinge ba. Tessy ta je ta duba, ta fito ba ta kalle ni ba. An yi wa na Dubai waya.

Na shiga. Sai da na sa kunne a bakinta.

"'Yar coci. Yau kam ki jiƙa."

Na ce na ji. Na ce gobe da safe zan kawo miki kanjinki da payar ɗinki, ki ci ki ji kunya. Ta ɗan matsa yatsana. Ban san wanne take nufi ba, na ɗanɗanawar ko ɗayan.

Ƙarya nake. Na sani.

Na dawo gida na tarar Tessy ta sauko da babbar tukunyar tagulla daga saman rufi, ta wanke, ta jawo buhun payar tsakar ɗaki. Yarinyar tana da hankali wani lokacin, shi ne abin haushin. Ta ce Ammachi, mudu nawa? Mutane za su yi yawa.

Na kwance bakin buhun na sa hannu. Sanyi, ƙwayoyin na zubewa ta tsakanin yatsu. Daga nan ina jiyo Sulu tana cewa Inna, buɗe baki, kaɗan kawai, Inna.

Na ɗebi tafin hannu ɗaya na zuba a ƙaramin kwano, na sa ruwa. Na mutum ɗaya. Na ce wa Tessy ta mayar da tukunyar inda ta ɗauko ta, ba taro ake yi a nan ba. Ta ce Ammachi. Na ce ko ba ki ji ba ne.

Ba ta mayar ba, ta kife ta a bayan ƙofa. Na yi kamar ban gani ba.

Lahadi, 6 ga Agusta

Jiya ban rubuta ba.

Jiyan, gari na wayewa na tsiyaye ruwan, na ɗauko faranti. Ina zubawa kaɗan-kaɗan. Shiru, shiru, shiru, sai ƙwas, guda ɗaya. Na tsince ta ke nan, tana tsakanin yatsuna, na ji muryar Sulu.

Ban tuna yadda na tsallaka ba. Tessy ta ce ba ta ƙofa na bi ba. An kwantar da Karthu a ƙasa, fitila wajen kanta. Fuskarta kamar ta wadda ta ci gardama.

Na dawo na hura wuta, tunda nasu murhun ya mutu. Babbar tukunya, payar a bushe. Tessy ta kawo tukunyarta ta zamani mai fito, wai a riƙa yi kaɗan-kaɗan. Na ce duk tudun nan za ki ciyar da wannan abin wasan? Itacen a jiƙe. Na hura, na hura, har idona ya rufe. Hayaƙi ne. Matan ƙasan tudu suka zo suka kankare kwakwa, na daka ta da tafarnuwa da barkono da ƙananan albasa, na juya, na kwarara ɗanyen man kwakwa da ganyen kori a kai. Ƙamshi dai ya yi. Na matsa ƙwaya ɗaya da yatsa, na san abin da na dafa.

Na Dubai ya iso da hantsi, shi ya sa wa gawar wuta. Hayaƙi biyu suka tashi a tudun jiya, nawa da nata, can kudancin gidan inda suka sare mangwaron don itacen. Iska ta haɗa su a saman shinge. Ban tsaya kallo ba, ina da tukunya a wuta.

Da suka yi wanka suka dawo, muka tsallaka da tukwanen, ni da Tessy da matan. Ta gaban tagar muka bi. An naɗe katifar.

Aka zauna layi. Mai gyaran laima ya zo, sai da ya nemi ƙari. Ina zuba wa mutane ina jin ƙas nan, ƙas can, kowa na kawar da kai yana tofarwa cikin ladabi. Mutanen da suka shekara ashirin suna jin cika bakina. Ba wanda ya ce uffan, da ma sun ce.

Sulu ce ta ƙarshe, rabonta da abinci tun shekaranjiya. Na zuba mata, na naɗa mata cokalin ganye da hannuna. Ta kai baki. Ƙas. Ta tsaya. Ta fito da ƙwayar ta duba, ta dube ni.

"Ammachi, wannan ai girkin Inna ne."

Ta fara dariya, dariyar ta juye. Na riƙe ta, ludayin na hannuna, kanji na ɗiga a bayan rigarta.

Litinin, 7 ga Agusta

Na tarar da ƙaramin kwanon a bayan tulu, rufe da tsumma, inda na bar shi. Waken ya fid da 'yan fararen wutsiyoyi. Zubarwa zan yi, sai na ga asara ce.

Na dafa shi a 'yar tukunyar ƙasa, wuta kaɗan-kaɗan, ba gaggawa. Ya narke. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba, kuma ba mai shaida, Tessy ta tafi makaranta. Na dama kanji na zuba a ɓawon kwakwa, payar a ganyen ayaba, na ɗora kan ginshiƙin shinge. Na duba hagu da dama. Na jiƙa hannu na tafa, yadda na ga suna yi. Fada ba zai ji wannan daga bakina ba, ranar faɗin zunubi tari zai kama ni.

Na daɗe a tsaye. Har na ce ke Rahel kin haukace. Sai ga hankaka ɗaya ya sauko daga rufin ɗakin girkina. Daga rufin ɗakin girkina, ba ƙari a wannan. Ya tako, ya dube ni da ido ɗaya, ya cira, ya ɗaga kai ya haɗiye. Ya sake. Sannan ya karkata kai, ya goge baki a jikin ginshiƙin, ya bar rabi ya tashi.

Na ce gishirin daidai yake, munafuka. Da ƙarfi na faɗa. Sulu ta leƙo ta taga, na ce da kaji nake.

Talata, 15 ga Agusta

Ina dawowa daga coci na ga mai gyaran laima yana tafe ruwa na dukansa, ba ko laima a kansa. Na ƙara sauri don in kai labarin da zafinsa. Sai a bakin shinge na tsaya.

Na ba kaji labarin.

Litinin, 21 ga Agusta

Na Dubai ya koma. Hayaƙin Sulu siriri ne yanzu.

Litinin, 4 ga Satumba

Onam. Gidan Sulu ba biki bana, ba furanni a ƙofa. Na kira ta, ta ce ba ta cin na biki. Na ce ba biki ba ne, abincin rana ne ya yi mana yawa. Ta zo ta zauna a ƙarshen tabarma.

Tessy ta kawo mai gemun akuya ya gaishe ni. Sibi sunansa. Yana da ladabi, yana cin abinci kamar aiki aka ba shi. Na kwaɓa masa shinkafa da miyar ɓarzajjen payar da man shanu, ya lashe ganyen. Ba laifi. Ba zan faɗa wa Tessy ba.

Ta ce Ammachi, ba shi labarin haƙorin Fada, na ce masa ba ki da ta biyu. Na buɗe baki. Sulu na kallon ganyenta. Na ce wani Fada ne ya ci wake, haƙorinsa dama yana rawa, ya fita. Shi ke nan. Yaron ya yi dariyar ladabi. Tessy ta ce ba haka yake ba, ina fiton, ina karnukan? Na ce tsufa, sun gudu mini.

Da yamma kanji da payar kamar kullum. Tessy ta ci karo da ƙwaya, ta dafe kunci. Wai Ammachi, kin sake mantawa ba ki jiƙa ba, wata guda ke nan, so kike in je gidan miji da giɓi? Na ce mantuwa ce. Ta ce to gobe ita za ta jiƙa da kanta. Na ce ta taɓa mini buhu ta gani.

Tsakuwar nan guda, ta ranar, tana ƙulle a bakin zanina. Ba don komai ba. Ban samu inda zan jefar ba ne, kar kaji su haɗiye.

Na rage kaɗan a ganye saboda safe, na kan ginshiƙin shinge. Ya yi yawa ne kawai.